Tambaya Ɗaya Hajiya Ta Yi Mini

Salamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi. Masu cewa Madina ta cika jan rai, ku yi haƙuri, yau zan fasa ƙwan kowa ya huta. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ya gyara zama, ba zan bar shi a duhu ba.

A Anguwan Rogo aka yanke mini cibiya, nan cikin Jos. Babana tela ne a Dilimi, Ummata kuma mace ce da ta fi tsoron bakin mutane a kan tsoron maciji. Shekarata ashirin da biyu aka kawo mini kayan na-gani-ina-so daga gidan su Salim na Laranto. Salim dillalin dankalin Turawa ne, yana saro shi daga Bokkos yana lodawa Kano. Mahaifinsa ya rasu, don haka komai na gidansu a hannun mahaifiyarsa yake, Hajiya Asta, Bafulatana doguwa mai ƙarancin magana. Ita da kanta ta zaɓi kayan. A cikinsu akwai wata atamfa koriya mai zanen makullai, wadda ban taɓa ganin irinta a jikin kowa ba a garin nan.

Wata biyu da kawo kaya, ƙarshen 2008, na fara tari. A Jos wa ke damuwa da tari? Aka yi ta ɗura mini citta da zuma. Sai ranar da na ga jini a hankicina. A asibiti likita bai yi kwana-kwana ba, ya ce tarin fuka ne, kuma ya ci jiki, sai an kwantar da ni.

Tun a farfajiyar asibitin Umma ta yanke hukunci.

"Ko kaza kada ta ji wannan magana," ta ce wa Baba. "Wa zai ɗauki mai tarin fuka ya kai ɗakinsa? Duk wanda ya tambaya, tana Bauchi wurin Goggonta Mariya, tana taya ta jinya."

Haka aka baza a unguwa, haka aka aika Laranto.

Abin da Umma ba ta lissafa da shi ba shi ne, Salim na da ƙafa. Sati guda bai ji muryata ba, ya hau mota ya nufi Bauchi da tsarabar karas da kabeji. Ya tarar da Goggo Mariya garau, tana daka a tsakar gida. Goggo kuwa ko ƙaryar wasa ba ta iya ba, tana ganinsa ta fashe da kuka. Washegari ina kwance na ji ana ƙwanƙwasa gilashin tagar da ke saitin gadona. Ina waiwayawa na ga mutum tsaye da fulas a hannu, idonsa jawur.

Sati shida na yi a gadon nan, sati shida Salim na zuwa tagar nan. Ba a barinsa ya daɗe a ciki, sai ya tsaya a waje cikin sanyi, ya miƙo kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai, ya yi ta ba ni labarin direbobin da suka ɓata masa rai don dai in yi dariya. Rannan ya ce zai faɗa wa Hajiya.

"Don girman Allah kada ka faɗa," na ce, ina kuka ina tari. "In ta ji, shi ke nan, an raba mu."

"Madina, ban taɓa ɓoye mata komai ba fa."

"To ka fara a kaina."

Ku riƙe wannan, masu karatu. Ni na sa shi. Duk ranar da ya zo tagar nan, Hajiya ta san yana Bokkos ne wurin dankali.

Da aka sallame ni na ɗauka wahala ta ƙare, ashe yanzu ta sa hula. Kullum da safe ƙwayoyi cike da tafin hannu, kuma an ce sai na yi wata takwas ina sha. Umma ta ɗiga jan farce a gindin kofina da kwanona don kada a haɗa da na kowa. Na san don lafiyar gida ta yi, amma duk lokacin da na ga ɗigon nan sai abinci ya fita raina. Na dubi madubi sau ɗaya, na ga wuya kamar na zabuwa, ban ƙara duba ba. Rigunana duk suka zama na aro. Maƙwabta na shigowa suna cewa, "Kai, Bauchi ba ta karɓe ki ba!" Ni kuwa sai in yi yaƙe in koma ɗaki in juya wa ƙofa baya. Ciwo ya tafi, amma ya tafi da son komai. Ko wanka sai Umma ta yi da gaske.

Abin da ya tashe ni ba wa'azi ba ne, ba kuma magani ba. Maƙwabciyarmu ce ta haifi bakwaini ana tsakiyar damina, lokacin da sanyin Jos ke shiga har ƙashi. Ina kwance na ji tana faɗa wa Umma an zagaye kasuwa ba a sami hular da za ta zauna a kan yaron ba, duk sun yi masa yawa. Ban san lokacin da na jawo jakar da na dawo da ita daga asibiti ba. A ciki akwai kwarashi da ragowar zaren ulu ruwan madara. Kafin la'asar na gama hula, ƙarama kamar lemo. Da aka sa wa yaron ta zauna daram, uwar ta riƙe hannuna ta yi ta sa albarka. Ranar na ci tuwo na nemi ƙari.

Wadda ta ba ni kwarashin nan ita ce Theodora, maƙwabciyar gadona a asibiti. Ciwonmu ɗaya, tarinmu ɗaya, ita ta tuna mini saƙar da na koya a sakandare na watsar. Bayan an sallame mu ta koma aiki a kafen intanet na yayanta kusa da kasuwar Terminus. Da na kira ta na ba ta labarin hular, sai ta yi ihu har na janye wayar daga kunne, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Madina, kai ka tashi ke nan! Abeg ka saƙa da yawa ka kawo. Akwai kasuwa a cikin kwamfuta."

Na yi sati uku ina saƙa: huluna, safa, 'yan rigunan sanyi na jarirai. Ranar da zan je, na rasa abin da zan ƙunshe su don kada su yi datti, sai na buɗe akwati na zaro ɗankwalin atamfar nan mai makullai. Na sa doguwar riga baƙa da Baba ya rage mini, na yafa mayafi ruwan toka, na ce wa Umma zan je karɓar magani. Rabin gaskiya ce, don na biya na karɓa.

Kafen cike yake da ɗalibai, janareta na ta ruri a baya. Theodora ta jawo mini kujera kusa da ita.

"To, wurare uku ne," ta ce tana nuna allon. "Wannan Yahoo Mesinja, samari ne kawai a ciki, kowa na neman budurwa. Ba za su sayi hular bebi ba."

"Allah ya kiyaye. Ɗayan fa?"

"Hi5. Da can yana tashe, yanzu mutane suna gudu. Kuma yawanci 'yan waje ne. Ka iya aika safa Brazil?"

Na yi dariya har tari ya so tasowa.

"Sai wannan, Facebook. Nan matan banki suke, da matan ofis na Abuja da Legas. Suna haihuwa, ba su da lokacin zuwa kasuwa. Ka sa hoto, su gani, su kira, ka ba direba a tasha. Shi ke nan."

Tambaya ɗaya na yi mata, kuma ita ce ta kai ni ta baro. Ban tambayi inda masu saye suka fi yawa ba. Cewa na yi, "'Yan unguwarmu suna shiga?"

"Anguwan Rogo? Haba! Wa ya san shi a can?"

Sai hankalina ya kwanta. Ni a tunanina Facebook wani gari ne can nesa, wanda babu mai zuwa sai baƙi. Muka buɗe shafi da sunan Saƙar Jos, ba sunana, ba fuskata. Teburin duk ƙura da zoben kofin shayi, sai muka shimfiɗa ɗankwalin muka jera kayan a kai, Theodora ta ɗauka da kyamarar yayanta. Koren nan ya fito da zaren kamar me.

Sati biyu shiru, ko kare bai kira ba. Na fara komawa gidan jiya, kwanciya da juya baya. Sai Theodora ta kira.

"Hoto kawai ba ya isa. Mutane suna son labari. Ka rubuta yadda ka fara."

"Ki rufa mini asiri!"

"Ba suna fa. Wa zai sani? Madina, ni na gaji da ɓoyewa. Mun yi ciwo, mun warke. Sata muka yi?"

Maganar nan ta shige ni. Wata tara ina haɗiye abu ɗaya, har ya zame mini dutse a ƙirji. Na je na zauna na rubuta, Theodora na gyara mini Turancin. Na ce ni budurwa ce a Jos, na yi tarin fuka, na kwanta sati shida, na fito ba na son rayuwa, hular bakwaini ta tashe ni. Wallahi da na gama sai na ji kamar an sauke mini buhun dankali daga ka.

Kuma ya yi aiki. Wata ma'aikaciyar jinya daga Abuja ta kira tana son saiti uku. Wata daga Kaduna ta ce ƙanwarta na kan magani ta daina sha, ta karanta mata labarina ta koma. Na fara kai kaya tasha da kaina. Kumatuna suka fara dawowa. Salim ya san ina sayarwa ta kwamfuta, yana ta tsokanata da "Hajiyar intanet", amma ban faɗa masa na rubuta labarin ba. A lokacin har an fara maganar baffanninsa za su zo sa rana bayan ƙaramar salla.

Wata Laraba bayan la'asar ina zaune a tsakar gida ina haɗa hannun wata 'yar riga, saƙo ya shigo. Salma ce, ƙanwar Salim, wadda ke karatu a jami'a. Kun ji wadda na manta da ita a lissafina. 'Yan unguwarmu na tambaya, ban tambayi 'yan jami'a ba.

"Anty Madina ki yafe ni don Allah. Kayan jarirai na gani a Facebook suka burge ni, na nuna wa Hajiya a wayata saboda haihuwar Adda, yayarmu. Tana gani ta ce wannan ɗankwalin ita ta saye shi. Ta ce in karanta mata abin da aka rubuta. Wlh ban san ke ce ba sai da na kai tsakiya."

Kwarashin ya faɗi daga hannuna. Umma na tankaɗe a gefe, ta ɗago.

"Lafiya?"

Na nuna mata wayar. Ta karɓi wayar ta ce in karanta mata, na karanta. Ban taɓa ganin fuskar Umma haka ba. Ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi.

"Wata tara ina rufa miki asiri, ina ƙarya da furfurata, ashe ke kina can kina shela wa duniya? Wannan abar ce ta ja mana." Ta kashe wayar, ta shiga ɗaki ta jefa ta cikin kwalla, ta rufe. "Ba ke ba waya, har sai na ga inda wannan masifa za ta tsaya."

Washegari da hantsi, ina wanke-wanke, muka ji sallama. Murya ce a hankali, ba mu saba da ita a gidan ba. Hajiya Asta ce da kanta. Ku da kuka san al'ada kun san uwar miji ba ta taka gidan surukai haka kawai, aike take yi. Tana sanye da farin leshi marar ado da babban mayafi shuɗi, carbi a hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da ƙwarya an rufe da faifai. Ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofar ɗaki. Umma ta rasa inda za ta sa kanta, ta shimfiɗa darduma, ta kawo ruwa, aka yi gaisuwa doguwa kamar babu komai.

Sannan Hajiya ta ce, "Ina 'yar tawa? A kira mini ita."

Na ja hijabi har goshi, na shiga na durƙusa can nesa kusa da ƙofa. Na gaishe ta, muryata ko ni ban ji ta ba.

"Matso, Madina. Ba gudunki nake ba."

Na matsa kaɗan.

"Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Hajiya."

"Kina shan maganin?"

"Saura sati uku in gama."

"Madalla." Ta ja carbi sau biyu ko uku. "Ba dogon zance ya kawo ni ba. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ba ni amsa, in tafi. Lokacin da kike kwance a asibiti, shi yaron nan ya sani?"

'Yan uwa, ku tsaya nan ku shiga rigata. In na ce ya sani, na nuna wa uwa cewa ɗanta, wanda ba ya ɓoye mata komai, ya yi sati shida yana kallon idonta yana cewa Bokkos. Kuma saboda wa? Saboda ni. Tun muna yara ake karanta mana cewa mace tufar mijinta ce, ba ta kwance masa zani a kasuwa, balle a gaban mahaifiyarsa. Na tuna shi tsaye a tagar nan yana hura hannu saboda sanyi. Na ce a raina, Madina, wanda ya yi miki wannan, yau ke za ki jefa shi? Gara laifin ya tsaya a kanki. Har wani daɗi na ji a zuciyata, wai ni mai sadaukarwa. Umma ba ta ce mini komai ba, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Kada wani ya ɗora mata. Ni kaɗai na yanke.

"Bai sani ba, Hajiya."

"Bai sani ba?"

Ta ba ni ƙofa ta biyu, kun gani. Na sake rufe ta da hannuna.

"Wallahi bai sani ba. Shi ma Bauchi aka ce masa."

Har da rantsuwa. Allah ya yafe mini.

Hajiya ta juya wurin Umma. Da ta buɗe baki, ba da faɗa ta yi magana ba, kuma da Umma take, ba da ni ba.

"Yau bayan asuba na kira shi. Kafin in gama tambaya ya durƙusa ya faɗa mini komai. Zuwansa Bauchi, da tagar, da kunun da yake sa a dama masa a gidan abokinsa. Ya ce in hukunta shi, amma kada in taɓa yarinyar nan, tsoro ne ya sa ta, ba halinta ba ne. Ya ce, 'Hajiya, ki je ki tambaye ta, Madina ba za ta dube ki ta yi miki ƙarya ba.' Na ce to, zan je."

Na sunkuyar da kai ƙasa.

"Mahaifina da wannan tarin ya rasu a ruga," ta ci gaba. "Ni na yi jinyarsa, ina 'yar shekara goma sha huɗu, lokacin babu magani. Da Salma ta karanta mini abin da yarinyar nan ta rubuta, kuka na yi. Na ce wadda ta tashi daga wannan ta kama sana'a, ta isa a ba ta gida. Ciwo ba abin kunya ba ne, Allah ke kawo shi." Sai a lokacin ta juyo gare ni. "Na san don shi kika yi. Ban ce ba ki son sa ba. Amma ni na tsufa, gidan nan da duk abin da ke cikinsa hannun matarsa zan bar wa. In ciwo ya kama jikana gobe, wa zai faɗa mini gaskiya?"

"Hajiya, don Allah..." Umma ta fara.

"Ba komai, Maman Madina." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Maganar zuwan baffanninsa, a ɗan dakata tukuna. Ina so in yi tunani."

A bakin ƙofa ta nuna ƙwaryar da ta ajiye.

"Man shanu ne da zuma, na mai jiki. A riƙa sa mata a kunu, yana mayar da ƙarfi."

Ta tafi. Umma ta raka ta har zaure ta dawo, ta zauna a bakin gado. Can ta tashi ta buɗe kwalla, ta ɗauko wayar ta ajiye a gabana, ta fita.

Na kunna. Saƙonni suka yi ta shigowa suna sanar da ni Salim ya nema, sau goma sha ɗaya. Kunya ba za ta bar shi ya kira Baba a kan irin wannan magana ba, kuma ba shi da fuskar da zai riga mahaifiyarsa zuwa gidanmu. Ƙarƙashin saƙonnin nan akwai saƙonsa guda, an turo shi ƙarfe bakwai saura na safe, lokacin wayar na kwance cikin kwalla ni kuma ina share tsakar gida.

"Madina na faɗa wa Hajiya komai, na huta. Tana zuwa gidanku. Ba ta yi fushi da ciwon ba ko kaɗan. Duk abin da ta tambaye ki ki faɗa mata gaskiya kawai. Na riga na ce mata ba kya ƙarya."

Sau nawa na karanta, ban sani ba. Ina cikin karantawa wayar ta fara ruri a hannuna, sunansa ya fito. Na san Hajiya ba ta isa Laranto ba tukuna. Na san da murna yake kira, yana so ya ji yadda aka yi.

Wayar ta yi ruri har ta katse. Ta sake ɗaukar ruri.